Injin lanƙwasa fayif: wanne ya dace da ƙaramin wurin walda na gida?

Auwalu Tumfure: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema kan injin lanƙwasa fayif. Wurin aikin a cikin gida yake, ɗaki ne mita 4 da mita 5, wuta mai layi ɗaya, sai ƙaramin janareta. Aikin da ya fi shigowa kujeru ne da tebura na makarantun islamiyya, da fayif zagayayye inci 1, sai kan gado, sai jefi-jefi bakan saman get da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 25 ko 40. An nuna mini inji mai jak, tan 12, da dayis (ƙarfe mai kwarmi da fayif ke lanƙwasuwa a jikinsa) guda shida daga rabin inci zuwa inci 2, kuɗinsa kuma da sauƙi. In ɗauka ko in dakata?

Baffa Umaru Jekadafari: Wa alaikumus salam. Dakata tukuna, ɗana. Kafin a yi maganar inji, ɗauko kalifa, ma'aunin faɗi da kauri, ka auna abu biyu a jikin fayif ɗin da kake aiki da shi: faɗinsa daga waje zuwa waje, da kaurin fatarsa. Kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa, ka auna da hannunka a bakin da aka yanke aka goge. Sannan ka gaya mana irin gwiwar da kake so a kujerar, matsattsiya ce ko mai faɗi. Waɗannan ukun su ke zaɓar inji, tan 12 ɗin da aka rubuta a jikin jak ba ya cikinsu.

Auwalu Tumfure: Na auna, Baffa. Waje milimita 25.4, kauri wani 1.2 wani 1.5. Akwai ragowar wani da aka sayar a matsayin 1.2 amma kalifa ta nuna 1.0.

Baffa Umaru Jekadafari: To, mai jak ɗin nan ba naka ba ne. An ƙera shi ne don fayif ɗin ruwa mai kauri. Fayif ɗin ruwa da ake kira inci 1 faɗinsa na waje milimita 33.4 ne, naka kuma 25.4. In ka sa naka a dayis ɗin da aka rubuta inci 1, zai yi ta yawo a ciki da sararin milimita 8. In ka sauko dayis ɗin inci uku bisa huɗu, shi 26.7 ne, har yanzu akwai sarari fiye da milimita guda. Wannan ɗan sararin ya isa gefen fayif ya baje.

Matsala ta biyu ta fi wannan. Jak yana tura fayif ne a wuri ɗaya, a tsakiya, rola biyu sun tokare shi can nesa a gefe da gefe. Babu abin da ke rungume da bayan gwiwar. Kamar ka ɗora karan dawa a gwiwarka ka ja bakin biyu ne, ba zai lanƙwasu ba, karyewa zai yi a inda gwiwa ta taɓa. Fayif mai fata 1.2 yakan fara lotsawa tun kafin ya kai digiri 30.

Hamma Bello Kumo: Baffa, a yi wa mai jak adalci. A aikin rijiyar burtsatse da ƙafar tankin ruwa da shingen dabbobi babu abin da ya kai shi sauƙi. Fayif inci 1 mai kaurin 3.4, ko inci ɗaya da rabi mai 3.7, yana ba da digiri 90 sumul. Ba ya son wuta, ba ya son a kafa shi a ƙasa, a bayan Keke ma sai a tafi da shi wurin aiki. Masu kuka da shi yawanci ba su sa rolar gefe a ramin da ya dace ba ne. Ramukan nan an jera su ne bisa girman fayif, kuma dole na hagu da na dama su zama lamba ɗaya. In aka saɓa, dayis ɗin zubi ne, tsagewa yake yi.

Baffa Umaru Jekadafari: Ba mu saɓa ba, Bello. Ka ce 3.4, shi kuma 1.2 ne a hannunsa.

Hamma Bello Kumo: Haka ne. In kujera ce kam ban ba shi shawarar ɗauka ba. Amma duk wanda yake da shi a nan, don Allah kada ya zuba wa jak man birki, yana cinye robobin ciki. Man jak ake sawa, ko man haidurolik mai lamba 32. In ya fara yin laushi, iska ce ta shiga: a kwance bawul, a buga hannun sau goma, a buɗe toshiyar mai iskar ta fita.

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Bari in ƙara lissafi a kan maganar Baffa, saboda Malam Auwalu ya iya yanke hukunci da kansa ko a gaban mai sayarwa.

Idan fayif ya lanƙwasu, fatar bayan gwiwa miƙewa take yi ta sirance, ta ciki kuma ta cushe. Yawan miƙewar ya danganta da radiyos, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar dayis da tsakiyar fayif. A raba rabin faɗin fayif da radiyos. Fayif 25.4 a dayis mai radiyos 76: 12.7 a raba da 76, kusan kashi 17 cikin ɗari ke nan. In aka matse radiyos ya dawo 50, miƙewar ta kai kashi 25, a nan ne ƙarfe mara kyau yake tsagewa. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin hannu ita ce radiyos kada ya gaza ninki uku na faɗin fayif.

Lamba ta biyu: a raba faɗi da kauri. 25.4 da 1.5 ya ba da 17, wannan yana lanƙwasuwa lafiya a radiyos 76. Da 1.2 ya ba da 21, yana bakin iyaka, gara a kai radiyos 100 ko sama. Da 1.0 ya ba da 25, cikin gwiwar zai yi tamoji sai dai in an cika cikinsa da wani abu. Idan lambar tana hawa, radiyos ma dole ya hau.

Injin da ya dace da wannan aiki shi ne wanda ke naɗe fayif a jikin dayis. Ƙugiya ta riƙe fayif, dayis ya juya da shi, madanni mai kwarmi ya danne bayansa yana bi. Ta haka fayif yana kewaye ta ko'ina a daidai inda yake lanƙwasuwa. Irin su JD2 Model 3 da Pro-Tools 105 na Amurka haka suke aiki, kuma akwai na Sin masu kama da su da yawa.

Auwalu Tumfure: Allah ya ƙara basira, Injiniya. Amma da hannu kawai, babu jak, ƙarfin mutum ɗaya zai isa?

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Zai isa har da saura. Da hannu mai tsawon mita ɗaya da rabi, fayif 25.4 mai kaurin 1.5 yana buƙatar jan da bai wuce nauyin kilo 17 zuwa 20 ba. Fayif 38 mai kaurin 2 yana neman sama da kilo 50. Fayif 50 mai kaurin 2 ya doshi kilo 100, a nan ne ake buƙatar hannu mai haƙora da ke ja kaɗan-kaɗan, ko haidurolik. Wannan lissafin ƙarfen kawai ne, gogayyar madanni za ta ƙara wani abu a kai.

Oga Ishaya Kaltungo: Sannunku da aiki. Auwalu, ka lura da abu ɗaya: ayyuka biyu ka ambata, kuma inji ɗaya ba zai yi maka su ba. Gwiwar kujera aikin mai naɗewa ne. Bakan get, da rumfar mota, da rumfar biki, aikin inji mai rola uku ne. Wasu suna ƙoƙarin fitar da baka da mai naɗewa, su lanƙwasa digiri 5 su matsa gaba, su sake 5. In aka yi fenti rana ta haska, duk gaɓoɓin nan sai sun fito.

Mai rola uku kuwa ba ya iya matsattsiyar gwiwa. To ka duba wanne ne ke kawo maka abinci kullum, ka fara da shi. Tunda ka ce bakan get jefi-jefi ne, ka kai wa mai rola ya murza maka ka biya kuɗin aiki, har ka tara na naka.

Malam Nura Azare: Ga abin da ba a faɗa wa mai saye. Jikin injin ba shi ne tsadar ba, dayis ne. Kowane faɗin fayif da dayis ɗinsa, kowane radiyos da nasa, zagayayye daban, mai kusurwa huɗu daban. A injinan waje sau da yawa dayis biyu ko uku sun kai kuɗin jikin injin. Saboda haka kafin ka biya, ka tambaya: dayis nawa ne a ciki, na wane awo, kuma in kana son ƙari a ina za ka samu. Ka tafi da kalifa da guntun fayif ɗinka. Ka kwantar da guntun a kwarmin dayis, ya zauna daram babu motsi, rabinsa cif ya nutse. In kana ganin haske ta gefe, ba nasa ba ne.

A kula da 25 da 25.4. A kasuwa duka inci 1 ake ce musu. Fayif 25.4 a dayis 25 cijewa yake yi ya bar zane a gefe biyu, wani lokaci sai da guduma ake fitar da shi. Fayif 25 a dayis 25.4 yana wucewa, amma in fatar siririya ce zai ɗan baje.

Auwalu Tumfure: Malam Nura, in aka ce a ƙera a gida fa? Wani ya ce in nemi tsohon fuli na injin niƙa.

Malam Nura Azare: A'a, bar fuli. Kwarminsa mai kusurwa ne don bel, a wuri biyu kawai zai taɓa fayif, ga shi ƙarfen zubi ne mai fashewa. Dayis sai a injin sassaƙa ƙarfe, daga dunƙulen ƙarfe. Ga awon na fayif 25.4 a radiyos 76:

Faifan ya zama faɗin 152.4, kauri kada ya gaza 40. A sassaƙa kwarmi rabin da'ira, zurfinsa 12.7, wato in an auna ƙasan kwarmin zai ba da 127. A bar sararin da bai wuce 0.1 zuwa 0.2 ba, a goge shi da takardar yashi ya yi santsi. Ramin tsakiya 25, fin ɗin da dayis zai juya a kansa kuma a sassaƙa shi daga tsohon aksul ɗin mota, kada a sa rodi, lanƙwashewa zai yi tun a aikin farko. Falankin ƙarfe na sama da na ƙasa masu riƙe dayis kauri 12, a haɗa su a huda tare saboda ramukan su yi daidai. In rami ɗaya ya kauce da ko milimita guda, dayis zai karkace, kowane fayif ya fito a murɗe.

Madanni ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa ha'inci. Wasu suna sa rola zagayayya a madadinsa don sauƙi. Rola a ɗigo ɗaya take dannawa, tana barin ƙusumbi a ƙarshen gwiwa. A yi shi doguwar sanda mai kwarmi, tsawon 100 zuwa 120 aƙalla. Hanyar yin sa: a haɗa guntayen ƙarfe biyu masu kusurwa huɗu, a huda tsakiyarsu a tsaye da faɗin fayif, a raba, an sami madanni da ƙugiya a lokaci ɗaya.

Masu wannan aiki suna nan a Bauchi da Gombe, in ba a samu dunƙulen ƙarfe ba a duba Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Sai dai ka kai awonka a rubuce, ka kai guntun fayif ɗin.

Baffa Umaru Jekadafari: Madalla da Nura. Saura kafawa. Mai naɗewa na hannu duk ƙarfin da ka ja yana komawa ƙafarsa ne. In a kan tebur ka ɗaura, teburin zai bi ka. A yi masa ƙafa da fayif inci 3 ko 4 mai kauri, tsayi daidai ƙugu, a walda falanki mai kaurin 10 a ƙasa, faɗi 300 da 300, a kafa da bol huɗu masu lamba 12 a cikin kankare mai zurfin 150. Daɓen siminti na ɗaki ba zai riƙe ba, sai an fasa an zuba sabo a wurin.

Kuma kada ka kafa shi a tsakar ɗakin nan naka. Hannu mita ɗaya da rabi zai zagaya, jelar fayif ma za ta zagaya, wani lokaci mita 2 ko 3. Ka kafa kusa da bakin ƙofa ta yadda jelar za ta fita tsakar gida. Kafin ka fasa ƙasa, ka tsaya a wurin da sandar fayif ka zagaya da ita ka ga me za ta buge.

Ɗanlami Pantami: Ku gafarce ni in tsoma baki. Wannan injin zai yi wa fayif ɗin jan ƙarfe na AC da firij?

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Ya yi masa girma, Malam Ɗanlami. Naka ɗan ƙaramin na hannu ne mai kama da almakashi, mai kwarmi uku, inci ɗaya bisa huɗu, biyar bisa sha shida, da uku bisa takwas, akwai na rabin inci daban. Ko kuma sifirin da ake zura fayif a ciki. A lanƙwasa sau ɗaya a gama, domin jan ƙarfe yana taurara duk lokacin da aka maimaita.

Hamma Bello Kumo: Ban ji an ambaci yashi ba. Tun kafin injinan nan da yashi da gawayi ake yi, kuma fayif mai 1.0 ɗin da Injiniya ta ce zai yi tamoji, yashi yana ceto shi.

Baffa Umaru Jekadafari: Yana ceto, in an yi shi daidai. Yashin kogi mai laushi, a tankaɗe, a soya shi a kasko har ya bushe ƙayau. A toshe baki ɗaya, a tsayar da fayif, a riƙa zubawa ana bubbuga jikinsa da guntun katako daga ƙasa zuwa sama, har yashin ya daina sauka, ƙarar ta koma dum-dum. Sannan a buga toshiyar katako da ƙarfi. In an yi sako-sako, aikin banza ne, yashin zai gudu daga gwiwar.

In da sanyi za a lanƙwasa a cikin dayis, shi ke nan. In da wuta ne, abu biyu ba wasa a cikinsu. Yashi mai laima tururi yake zama, ya harba toshiya ko ya fasa fayif a fuskar mutum, don haka ko ya bushe a bar ɗan ƙaramin rami na numfashi. Na biyu, fayif ɗin ruwa mai farin shafe ba a gasa shi. Tutiyar jikinsa tana tashi farin hayaƙi, da dare mutum ya kama zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon ƙirji. Madarar da yara ke sha bayan aiki ba ta kare komai, abin a huhu yake shiga.

Amma a yi lissafi. Kujera ɗaya tana da gwiwa huɗu zuwa shida. In odar kujera hamsin ce, cikawa da zazzagewa kaɗai sun cinye ribar. Gara a ƙara kuɗi a sayi mai 1.5. Kujerar da yara za su hau ma bai kamata a yi ta da 1.0 ba.

Oga Ishaya Kaltungo: Gaskiya ne. Bari in ba da awon baka tunda ya ambaci get, ko da wani zai kai wa ya san abin da zai ce. Ka auna faɗin get da tashin da kake so a tsakiya. Ka ninka faɗin da kansa, ka raba da tashin sau takwas, ka ƙara rabin tashin. Get mai faɗin milimita 3000 da tashi 400: miliyan 9 a raba da 3200 ya ba da 2812, a ƙara 200, radiyos kusan 3012. Ka buga ƙusa a ƙasa, ka ɗaura waya mai wannan tsawo, ka zana bakan da alli. Waya na ce, igiya tana miƙewa. Tsawon fayif ɗin da bakan zai ci kusan 3140 ne, amma ka yanka da ƙarin 250 zuwa 300 a kowane baki, saboda bakin da ke tsakanin rola ba ya lanƙwasuwa, miƙaƙƙe yake fitowa, daga baya a yanke.

Wurin murzawa, a sauke rolar sama kwata ko rabin juyi kawai a kowane wucewa. Masu gaggawa su sauke juyi biyu, fayif mai kusurwa huɗu ya kumbura a gefe ko ya murɗe. In baka goma za a yi iri ɗaya, a wuce da dukkansu a mataki ɗaya kafin a ƙara saukewa, sannan a gwada kowanne a kan zanen alli.

In ka tashi ƙera naka: sandunan rola milimita 30 ko 35, boris mai gida lamba 206 ko 207, rolar ƙasa biyun a haɗa su da sarƙa su juya tare, in ɗaya ce kawai ke ja za ta riƙa sulɓewa. Kuma ba a tsayawa gabansa da safar hannu ko hannun riga mai faɗi.

Auwalu Tumfure: Oga, mai kusurwa huɗun in gwiwa ce matsattsiya fa, kamar kan gado?

Oga Ishaya Kaltungo: Hanya biyu. Ko dayis ɗinsa na musamman, wanda ke da ɗan tudu a tsakiyar kwarmi yana tura fatar ciki ta shige da gangan, don kada ta yamutse. Wannan lotsawar ta ciki ba aibi ba ce, haka aka tsara. Ko kuma tsagawa da walda. A fayif 25, digiri 90 yana buƙatar a cire kusan milimita 39 daga cikin gwiwar, wato 25 sau 1.57. In faifan yankanka yana cin milimita 3, tsaga 13 ke nan. A yanka gefe uku a bar fatar baya. In radiyos na waje 200 kake so, bakan 314 ne, tsakanin tsaga da tsaga kusan 24. A lanƙwasa da hannu a kan zane, a ɗiga walda, a duba, sannan a cike a goge. Yana cin lokaci, kuma fata 1.0 hudewa take yi, amma ga kan gado ɗaya ko biyu ya wadatar.

Malam Nura Azare: A duba ɗinkin fayif ma. Duk fayif ɗin kasuwar nan naɗaɗɗe ne aka walda, in ka leƙa ciki za ka ga layin. Ni dai a ganina a sa shi ta cikin gwiwa, inda ƙarfe ke cushewa, ba zai buɗe ba.

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Malam Nura, a nan na ɗan saɓa maka. Layin ya fi sauran jikin tauri, in yana ciki yana iya jawo tamoji a siririyar fata. Gefe ya fi, inda ba miƙewa ba cushewa, wato in dayis a kwance yake layin ya kalli sama ko ƙasa. Abin da muka haɗu a kai shi ne kada ya zauna a bayan gwiwa, kuma duk inda aka zaɓa a riƙe shi a dukkan aikin, domin in ana canzawa digirin ma zai riƙa canzawa.

Malam Nura Azare: Na karɓa a zagayayye mai siririyar fata. A mai kauri 2 zuwa sama bambancin ba ya fitowa.

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Haka ne. Sai awon yanka, don a nan fayif ke salwanta. Misali ƙafar kujera mai lanƙwasa biyu, faɗi 400 daga waje zuwa waje, tsayi 450, dayis radiyos 76. Daga inda gwiwa ta fara zuwa bayan fayif, 76 ne da rabin faɗi, 89 ke nan. Kowace ƙafa miƙaƙƙen sashenta 450 a cire 89, saura 361. Tsakiya 400 a cire 89 sau biyu, saura 222. Kowace gwiwa tana cin radiyos sau 1.57, kusan 120. Jimla 361 biyu, 120 biyu, da 222, ya kama 1184. Sanda mai cikakken mita 6 za ta ba da biyar. In 5.8 ce, huɗu za ta bayar da ragowa mai yawa. A auna sandar tun a shago kafin a yi wa mai oda kuɗi.

Kafin aikin gaske a yi gwaji da guntu: a ja layi a fayif daidai bakin ƙugiya, a lanƙwasa 90, a auna daga layin zuwa bayan gwiwa, a rubuta lambar a jikin dayis da fenti. Ita za a riƙa amfani da ita, domin kowane inji da ɗan bambancinsa. A gwajin nan ne kuma za a ga nawa fayif yake warwarewa in an saki hannu. Baƙin ƙarfe yakan koma da digiri 2 zuwa 5, don haka in 90 ake so sai a wuce zuwa 93 ko 94, a sa bol ɗin tsayawa a wurin. Gara a gaza a ƙara, wanda ya wuce in aka buɗe shi ba ya komawa daidai. Sabon kaya in ya zo a sake gwajin.

Baffa Umaru Jekadafari: Ƙari a kan gwiwa ta biyu: kafin a ja, a ɗora ma'aunin ruwa na magina a kan ƙafar da aka riga aka lanƙwasa, a ga ta kwanta daidai da dayis. Kuskuren digiri 2 a nan shi ke sa kujera rawa a ƙasa. Giris kuma a madanni kaɗai ake shafawa. In ya taɓa ƙugiya ko kwarmin dayis, fayif zai sulɓe, cikin gwiwa ya tattare. A lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da giris ta riƙa cin kwarmin, a goge da tsumma kullum bayan aiki a rufe da buhu. Fayif mai tsatsa a goge shi kafin ya shiga.

Hamma Bello Kumo: Wani zai ce a sayi mai lantarki a huta.

Injiniya Hauwa'u Bauchi: Ba a wurin Malam Auwalu ba. Yawancinsu wuta mai layi uku suke so, bolt 380 zuwa 415. Tsofaffin da ake shigowa da su daga Amurka kuma sau da yawa motarsu ta 110 ce, tamu 230. Ƙaramin janareta ba zai ɗauki tashin motar ba. In aiki ya yi yawa nan gaba, a ƙara wa na hannun silindar haidurolik, shi ya sa tun yanzu ya kamata jikinsa ya zama mai kauri.

Auwalu Tumfure: Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsayar: mai naɗewa na hannu, dayis ɗin 25.4 a radiyos 76, in koma sayen fayif 1.5, baka kuma in kai wa masu rola. Tambaya ta ƙarshe, ana yawan tambayata hannun bene na sitenles, inci 2. In sa a yi mini dayis ɗinsa tun yanzu?

Malam Nura Azare: Kada ka kashe kuɗinka a nan, ƙanena. Na kasuwa faɗinsa 50.8 ne, fatarsa 1.0 ko 1.2, in ka bi lissafin Injiniya lambar ta haura 40. Wannan sai injin masana'anta mai sandar da ke shiga cikin fayif ta tokare shi. Ga shi dayis ɗin baƙin ƙarfe yana zana sitenles, ya bar masa ɓurɓushin da zai fito da tsatsa a damina. Masu wannan aiki gwiwa shiryayya suke saye su walda su goge. In za ka ƙara dayis na biyu, ka yi na 19 ko 22, su ne na majinginar kujera da ƙafar ƙaramin tebur.

Baffa Umaru Jekadafari: Kuma ka sa a yi maka na 25.4 ɗin ya iya kai digiri 180, wato kwarmin ya zagaye fiye da rabin faifan, kamar digiri 200, saboda warwarewa. Kan gado da majingina suna bukatarsa. Ranar karɓa ka tafi da fayif ɗinka guda uku masu tsawon rabin mita, a lanƙwasa a gabanka. Ka auna tsakiyar gwiwar da kalifa ta faɗi da ta tsaye. In bambancin ya wuce milimita 2 da rabi, kwarmin ya yi faɗi ko madanni ya yi nisa da dayis, a gyara kafin ka cika kuɗi.

Auwalu Tumfure: In sha Allahu, Baffa. Fin ɗin madannin shi ma 25 za a yi?

Malam Nura Azare: 20 ya isa a wannan girman, amma daga aksul ɗin dai. Ka ce a huda masa ramuka biyu a falankin, ɗaya na radiyos 76, ɗaya na 100, saboda in ka ƙara dayis mai faɗi ba sai an sake ƙera jiki ba.